Mai Kibiya a Gidan Natsuwa

Tun tana yarinya take kitso, kuma tun tana yarinya take raina mutane. Halayen biyu tare suka girma a jikinta, babu wanda ya riga wani. Sunan da ya bi ta, Mai Kibiya, daga siririn ƙarfen tsaga ya samo asali, wanda take sokewa a gefen ɗankwali. Da shi take zuwa kasuwa, da shi take zuwa gaisuwar mutuwa, an ce har ɗakin haihuwa da shi ta shiga, sai da ungozoma ta zare shi da faɗa.

Shagonta ɗaki ne guda a ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. A ciki akwai madubi mai tsatsa a kusurwa, fanka mai ƙara kamar za ta faɗo, kujerarta ta katako, sai matashi a ƙasa na wadda za a yi wa kitso. Kujerun nan masu juyawa da yaran zamani suke yayi ba ta taɓa yarda da su ba. Mace za ta zauna ne a ƙasa tsakanin ƙafafunta. In ana gefe, ta kwantar da kai a cinya. In an zo ƙeya, ta duƙa. In an zo goshi, Mai Kibiya ta jawo kan ta jingina shi da ƙirjinta, ta riƙe shi a nan har a gama. Mata suna barci a wurin nan. Wasu kuma bakinsu ya buɗe, su faɗi abin da ba su taɓa gaya wa uwar da ta haife su ba, ita kuwa ta saurara tana taɓe baki, ta ce su ma da neman magana.

Mijinta direba ne, yana kai wa shaguna kaya. Mutum ne mai haƙuri, wanda in ka ba shi yini guda zai iya kammala magana ɗaya. Ita take magana a gidan, shi yana gyaɗa kai, a haka suka tarbiyyantar da 'ya'ya huɗu.

Wata mai ƙaton kai ce ta gano ciwon. Ta jingina da ƙirjin Mai Kibiya ana yi mata goshi, sai ta muskuta ta ce, "Anti, me kika sa a nan ne, kamar dutse yana tokare ni?" Mai Kibiya ta ce kanta ne dutsen. Amma da matar ta tafi, ta rufe ƙofa ta laluba. Ta yi watanni tana gaya wa kanta maruru ne, kafin babbar 'yarta, wadda ke aiki a kantin magani, ta tasa ta gaba zuwa asibiti. Sankarar mama ce. Aka cire nonon dama, aka kwashe kaluluwar hammata, aka yi ta ɗura mata maganin da ya zubar da gashin kanta tas, ita da ta ƙare rayuwa tana gyaran na wasu.

Ta rayu. Likitoci suka ce babu sauran komai, dangi suka cika gida da barka, aka yi ta godiya ga Allah, ita ma ta yi. Sai dai hannun daman ya kumbura daga kafaɗa zuwa wuyan hannu kamar taɓarya, kan yatsun kuma ya yi dindiris. Duk da haka ta share shago ta buɗe.

Nan ta ga halin mutane. Matan da suka yi shekara da shekaru suna zubar mata da miyau a cinya, yanzu daga bakin ƙofa suke leƙowa. "Sannu Anti, ya jiki? A'a, ki huta, sai kin ƙara jin ƙarfi." Daga nan su miƙe titi zuwa wurin yarinyar nan mai kujerun juyawa. Ɗaya ce ta yi ta maza ta shigo ta zauna. Da aka zo jingina kai, wuyanta ya sandare kamar ƙarfe. Mai Kibiya ta jawo, matar ta turje, can sai ta zabura wai mijinta yana kira, alhali wayar tana cikin jaka ko tari ba ta yi ba. Ta fita da rabin tsaga a kai. Tun daga ranar babu kan da ya sake sauka a cinyar Mai Kibiya.

"Matsorata," take gaya wa Direba. "Sai ka ce mura ce zan shafa musu." Shi kuma ya gyaɗa kai. Ba ta taɓa gaya masa cewa abin yana hana ta cin abinci ba. Ba nonon take kewa ba, ya shayar da huɗu, ya gama aikinsa. Kan mutum take so a cinyarta, ta tsaga shi, ta kitse.

'Yar ce ta kawo maganar Gidan Natsuwa. Wai wuri ne da aka buɗe don matan da suka tsira daga irin wannan ciwo, ana kula da jiki da zuciya da ruhi gaba ɗaya.

"Ruhin nawa ne ya yi ƙara?" in ji Mai Kibiya.

"Umma, akwai likitar hannu. Tana koyar da yadda kumburi zai sauka."

Wannan kaɗai ya sa ta ɗauki mayafi.

Wurin yana saman wani benen ofisoshi. Ɗaki ne babba mai kafet, an zuba matasai a ƙasa, an kunna kyandirori da rana tsaka ga wutar lantarki tana ci. A kusurwa an ajiye wani tulu da ruwa ke tsiyaya daga bakinsa ba dare ba rana, wai sautin yana kwantar da hankali. Ita dai abin da ya yi mata shi ne tura ta banɗaki sau uku kafin a tashi. Shugabar wurin mace ce mai sanyin murya, wadda haƙoranta ba sa ganin inuwa, don haka tun ranar farko Mai Kibiya ta raɗa mata Anti Murmushi. Abin da ta fara lura da shi kuwa, da idon da ba ya kuskure, shi ne nonuwan Anti biyu cif suna nan inda Allah ya ajiye su.

"A nan babu mara lafiya," in ji Anti Murmushi, ta haɗa tafuka a ƙirji. "Dukkanku jarumai ne. Ba ma cewa na rasa, sai dai mu ce na samu sabuwar ni."

Mai Kibiya ta dubi gefen rigarta inda ta cusa tsohuwar safa, ta ja tsaki a ciki.

Tsirfa iri iri ake yi a Gidan Natsuwa. Akwai wata siririyar yarinya mai naɗewa kamar tabarma, aikinta ta koya wa mata numfashi. Mai Kibiya ta haura hamsin tana numfashi ba malami, amma ga ta zaune ana ce mata ta ja, ta riƙe, ta saki. Akwai ranar fenti, inda ake ba kowa buroshi ta zana abin da ke ranta. Ita ta shafe takardar da baƙi don shi ya fi kusa da hannunta, Anti Murmushi ta ɗaga ta nuna wa kowa tana cewa zurfin wannan zane ya taɓa ta. Akwai ranar dariya, a tsaya a da'ira a yi ta ƙyaƙyatawa ba wanda ya faɗi abin dariya. Akwai ranar rungumar matashi. Bayan kowane zama a raba wani koren ruwa mai ɗanɗanon ciyawar da aka yanka, a ce yana wanke jini.

Sannan akwai Famfo. Ma'aikaciyar gidan waya ce, gajera, mai faɗin fuska, ita ma nonon dama aka cire mata. Mai Kibiya ce ta sa mata sunan, don matar ba ta da aiki sai kuka. A kunna kyandir, ta yi kuka. A ce a ja numfashi, ta ja da shessheƙa. Ranar dariya ma da hawaye ta ƙare. Anti Murmushi tana ji da ita kamar ƙwai, don duk baƙon da ya zo ganin wurin ita ake fara nuna masa. Mai Kibiya kuwa ko zama kusa da ita ba ta yi, ta ce kada a jiƙa mata zani.

Likitar hannun gaskiya ce, akwai ta. Wata gajiyayyar mata ce da ke zuwa daga asibiti jefi jefi, kuma kullum sai an gama kyandir da fenti ake ba ta ɗan abin da ya rage na lokaci. Ita kaɗai Mai Kibiya ba ta sa wa suna ba. Ta koya mata tausa daga yatsu zuwa kafaɗa, ta ba ta wata doguwar safar hannu mai matsewa, ta nuna mata yadda za ta hau bango da yatsu. Ta ce kumburin zai ragu. Ta kuma ce mutuwar kan yatsun daga maganin ne, tana iya warwarewa, tana iya zama. Mai Kibiya ta ɗauki rabin farko na maganar ta bar mata sauran.

A gida ta duƙufa. Ta matsa ƙwallon roba har ya tsage. Ta hau bangon kicin da yatsu har ya yi layin datti. Ta kitse gezar labule, ta kitse igiyoyin abin goge ƙasa, ta kwance ta sake. Direba ya dawo ya tarar da labulen falo da kitso, ya dube shi, ya dube ta, ya wuce ya ɗauki buta. Kumburin ya ragu ƙwarai. Ta tabbatar wa kanta cewa hannu ya dawo, kai kawai ya rage.

Ana nan sai Anti Murmushi ta sanar cewa masu tallafa wa gidan za su kawo ziyara, kuma kowace jaruma za ta nuna baiwar da Allah ya yi mata. Da ta ji sana'ar Mai Kibiya, har da tsalle.

"Kitso! A gaban baƙi! Kai, wannan zai ratsa zuciya."

"In kun ga dama," in ji Mai Kibiya tana kallon tulu.

Amma ana tashi ba ta tsaya ko'ina ba. Ta koma gida ta wanke matajinta, ta goge kibiya da toka har ta yi ƙyalli, ta sayo sabon man kitso, ta cire rigar matashin shago ta wanke ta goge. Ta yanke farce. Ta yi ta tunanin wane irin kai za a kawo mata, mai cika ne ko mai tsayi, mai taushi ko mai tauri.

Ranar ta zo. An jera kujeru, an ƙara kyandirori, an kawo mai ɗaukar hoto. Baƙin suka zauna a gaba, maza da cikinsu, mata da turarensu, kowa an maƙala masa ɗan ƙyalle ruwan hoda a ƙirji. 'Yar tana nan, Direba ma ya zo ya tsaya can baya da makullin mota a hannu. Wata ta rera waƙa, wata ta nuna jakar da ta saƙa, aka yi ta tafi. Sai aka kira Mai Kibiya.

Ta fito da matashinta a hammata. A tsakiyar ɗakin an ajiye dogon tebur, an ɗaure wani abu a bakinsa an lulluɓe da ƙyalle. Anti Murmushi ta yaye ƙyallen da yanga. Kan roba ne, irin na tagar kanti, da jan baki da ido a buɗe, an ɗora masa hular gashi.

"Mun ce kada a wahalar da kowa," in ji Anti. "Ki ɗan kama kamar kina yi, mai hoto ya ɗauka."

Mai Kibiya ta dubi kan, kan ya dube ta.

"Anti, ni ba na yi wa roba kitso."

"Ai na ɗan lokaci ne, jaruma."

"Na ce ba na yi. Mutum nake yi wa. Ga kawuna nan cike da ɗaki."

Ɗakin ya yi tsit, sai tulu. Anti Murmushi ta juya ga baƙi da haƙoranta a waje, ko akwai mai so. Matan gaba, waɗanda yanzun nan suka gama share hawaye saboda jakar saƙa, kowace ta kai hannu ta gyara ɗaurin kanta. Yarinyar numfashi ta tuna akwai abin da take nema a waya. Mai Kibiya ta tsaya riƙe da matashi, kunya ta rufe ta, ta ji da ma ƙasa ta tsage.

Sai aka ji shessheƙa. Famfo ce ta taso, hawaye har haɓa, ta zare ɗankwali. Gashin da ya sake fitowa bayan magani bai wuce tsawon yatsa ba, baƙi, mai laushi, a nannaɗe. Ta karɓi matashin ta jefa ƙasa, ta jawo wa Mai Kibiya kujera, ta zauna tsakanin ƙafafunta. Ba a ce mata komai ba ta mayar da kai baya ta jingina shi daidai gefen dama, kan safar nan da ke cushe a riga, ta saki nauyinta gaba ɗaya.

Rabon Mai Kibiya da wannan nauyi har ta fara manta shi. Ta zaro kibiya daga ɗankwali, ta yi bisimilla, ta ɗora a goshi.

Tun a tsagar farko ta gane. Kibiyar ta tafi, amma ba ta jin inda bakinta yake taɓa fata. Ta ɗebi gashi ta raba uku, yatsun suka kama, sai dai ba su gaya mata komai ba. Da can tana kitso tana kallon titi tana zagin masu wucewa. Yanzu sai ta sunkuya ta zuba wa yatsunta ido, kamar na wata ne aka ba ta aro. Gezar labule ba ta zamewa, wannan kuwa gashi ne mai rai, sai sulɓewa yake yi. Ta ja, ya kuɓuce. Ta sake, zufa ta karyo mata. Da ƙyar ta kai layi ɗaya ƙeya, ta yi na biyu, ta yi na uku, sannan hannun ya yi nauyi ya ƙi ɗaguwa. Ta dubi abin da ta yi. Tsagar ta karkace kamar hanyar tururuwa, kitson ya yi sako sako, gashi ya tsittsiro ta ko'ina.

Ɗakin ya ɓarke da tafi.

Har da masu miƙewa tsaye. Mai hoto ya durƙusa yana ta walƙiya. Anti Murmushi ta dafe ƙirji tana cewa, "Kun gani? Kun ga abin da ruhi yake yi in jiki ya gaza?" Wata baƙuwa ta ce ba ta taɓa ganin kitso mai kyan wannan ba. 'Yar tana tafi tana kuka. Can baya Direba ya sa makulli a aljihu, shi ma yana tafawa.

Tafin nan ya fi wuƙar likita yi mata ciwo. Tsawon rayuwarta tana kitso babu wanda ya taɓa tafa mata, don ba a tafa wa mutum a kan aikinsa. Yaron da ya fara tatata ake tafa wa. Ta gane ba tsoron matan unguwa kaɗai ya rufe mata shago ba, kuma kowa a ɗakin nan ya ga haka, shi ya sa suke murna da ƙarfi. Ta sunkuyar da kai ta fara laluben murfin man kitso.

"A ba ni madubi," in ji Famfo.

Aka miƙo mata na jaka. Ta duba gaba, ta karkata ta duba gefe, ta sa hannu ta shafa layukan. Idonta ya bushe ƙaf, abin da Gidan Natsuwa bai taɓa gani ba.

"Baiwar Allah," ta ce, "mene ne wannan?"

Tafin ya fara mutuwa.

"Tambayarki nake. Ni jibi zan koma aiki. Da wannan zan zauna a gaban jama'a ina miƙa musu saƙo? Ki dubi tsagar nan, ina ta nufa?"

Anti Murmushi ta matso da sauri. "Haba jaruma, ai ƙoƙarin da ta yi shi ne abin..."

"Anti, kanki ne?" Famfo ko kallonta ba ta yi ba. Ta ɗaga ido ta dubi Mai Kibiya daga ƙasa. "An ce ke ce gwanar unguwarku. Ni ban zauna don hoto ba, kitso na zo yi. Gashin nan da wahala na same shi. Ki tsefe ki sake."

Kunya ce da daɗi suka haɗu suka mamaye Mai Kibiya, ta rasa wanne ya fi. Da ta buɗe baki, muryarta ce ta shago.

"Ke ma gashin naki sai ka ce na jariri, sai santsin tsiya."

"Kada ki ɗora wa gashina. Hannunki ne."

"Hannuna ne," in ji Mai Kibiya. "Zai ɗau lokaci."

"Ina da inda za ni ne? Ki dai bar ja min ƙeya."

Anti Murmushi ta tafa hannu ta ce baƙi su taso, an shirya musu shayi a ɗaya ɗakin. Suka fita suna kauda kai, mai hoto ya bi su, wani ya kwance kan robar ya tafi da shi a hammata. Mai Kibiya ta sa bakin kibiya ta warware layukan uku, ta taje, ta shafa mai. Ta jawo kan ta mayar da shi ƙirjinta, ta sunkuya sosai don ta ga abin da yatsun ba sa ji, ta ja sabuwar tsaga a hankali tun daga goshi.

Da ta kai ƙeya, Famfo ta ɗaga hannu ta bi layin da yatsa daga farko har ƙarshe.

"Ya fi na ɗazu," ta ce. "Amma har yanzu a karkace yake. Sake."